Jakin da Ya Ƙi Ƙetare Gulbi

Zuwa ga maigidana Lawali, angon da ya yi yaji,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar da ka ƙi zuwa ka karɓa da kunnenka. Ina roƙon Allah Ya sa wagga takarda ta iske ka lafiya, Ya tsare ka a hanyar da za ka hau gobe, tun daga tashar Sabon Birni har ka sauka Ikko. Allah Ya kau da idon mugu daga motarku, Ya ba ku direba mai haƙuri wanda ba ya tsere da iska, Ya sa duk inda kunka tsaya ku tashi da kayanku cif.

Da hannuna na rubuta. In ka ga baƙi ya karkace kada ka yi dariya, ajin yaƙi da jahilci bai kai ni inda makarantarku ta kai ka ba. Saratu ƙanwarka za ta kawo maka ita tare da ƙullin hoce da ɗan yaji. Ka fara cin hocen, don na san ka, in kana jin yunwa ko sallama ba ka amsawa.

Saratu ta gaya mini abin da ka ce. Wai za ka goge gem ɗin nan, wasan waya da ka kwashe damina biyu kana ginawa, kuma in ka isa wurin mutanen da sunka kira ka aiki za ka ce musu ba ka da labari naka, su ba ka nasu ka riƙa yi musu aikin hannu. Abin da ya sa na nemi biro ke nan. Ba ni da wani labarin gida da za ni ba ka, kowa lafiya, kai ne kaɗai ba lafiya ba.

Na san mafarin abin. Shekaranjiya ka zo ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gida da abokanka, ka sa mini waya a hannu, ka ce in buga in gani. Na buga. Jaruminka ya fito daga kufan Alƙalawa, tsohon birninmu na Gobir, da takobi, shina gudu, shina sara, shina kwasar abin da ya tarar, wai za shi neman wani tambari da ya ɓata. Na ɗaga kai na ce, "Wanga jarumi naka buhun gero ne anka sa wa ƙafafu." Abokanka sunka fashe da dariya, har wannan dogon mai kabu-kabu ya zamo daga kan benci. Ka karɓe wayarka ka tafi.

Ban janye ba, maigida, buhun gero ne. Amma wurin da na faɗa bai dace ba, da a ɗaki na ja ka. Bakina ya riga hankalina tun ina yarinya, kakanka ya yi fama da shi har ya koma ga Allah bai gyara shi ba. To yanzu ga mu a ɗaki, ni da kai. Bari in gaya maka buhunan geron da ni ma na sa wa ƙafafu, don kada ka ɗauka a kanka anka fara.

Lokacin da nake sabuwar amarya a Unguwar Lalle, yaran unguwa kan taru tsakar gidanmu bayan la'asar su taya ni ɓarar gyaɗa, ni kuma in biya su da tatsuniya. An ce ba a tatsuniya da rana, wai mai yi ɓata yake yi. Ni dai na yi ta yi, kuma sau ɗaya na taɓa ɓata, a kasuwar Isa, shi ma kakanka ne ya ce in jira shi gindin wata bishiya ya manta wace ce. A lokacin na ƙago wani maharbi na sa masa suna Jatau. Ina son Jatau ƙwarai. Kibiyarsa ba ta kuskure, ƙafarsa ba ta gajiya, ba ya jin yunwa, ba ya jin tsoro. Kullum sai ya kashe abin da ya fi na jiya girma. Ni ina ta zuba, ashe yara gyaɗata suke zubawa a ciki, suna mintsinin juna. Rannan na kai inda zaki ya tare shi, na yi ƙasa da murya don in tsorata su, sai wata yarinya mai suna Tumba ta yi hamma ta ce, "Inna, ai mun san zai kashe shi. Ki wuce wurin."

Abin ya ci mini rai. Washegari don haushi na karya wa Jatau baka. Na kuma ce ashe tsoron ruwa yake yi tun ranar da ƙanensa ya nutse shina kallo, bai taɓa gaya wa kowa ba, kuma ga naman da ya harba ya faɗa tsallaken gulbi, ga uwarsa kwance da yunwa. Ban ankara ba sai na ga hannuwa sun tsaya da ɓara, yara sun matso har gwiwarsu na taɓa tawa. Tumba ce ta fara cewa, "To ya zai yi?" Ni kaina ban sani ba a lokacin.

Ka taɓa karanta mini wani abu daga littafinku, ka fassara mini shi ina tankaɗe. Ka ce masana sun ce abin da jarumi yake nema daban, abin da ya rasa a cikin ransa daban, kuma labari shi ne tafiyar da ke tsakaninsu. Na ce maka surutu ne. To ba surutu ba ne, gaskiya sunka faɗa, ni dai ban san ana rubuta irin wannan a littafi ba. Laifinka ɗaya, ka karanta ka bar shi a can. Jaruminka shina neman tambari, na ji. In bai samo ba mi zai same shi? Wa zai yi masa dariya, wa zai yi kuka? Wa ke dafa masa tuwo? Mi ya taɓa yi wanda ba ya son a tuna masa? Ba sai ka gaya wa mai wasa duka ba, amma kai ka sani. Mutumin da mai shi bai san sirrinsa ba, ko tafiyarsa daban take.

Kuskurena na biyu ya fi wannan, don ɗana na cikina ne ya kama ni. Ka san al'adata, kai ma ka tashi ka iske ta. In labari ya kai mararraba sai in tsaya in ce, "To, dama ko hagu?" Yara su yi ta gardama, wanda ya fi baki ya yi rinjaye, mu bi inda sunka zaɓa. Don wannan ne yaran wasu unguwanni ke tsallake tsofaffinsu su zo wurina. Amma akwai ƙiwa a jikina. Na shirya rijiya guda a ƙarshen labari, da abin da ke cikinta. In sun ce dama, in zagaya da su ta gonar dawa mu faɗa rijiyar. In sun ce hagu, in bi da su ta fadama mu faɗa ita dai. Ina jin daɗina, ina ganin ba wanda ya kai ni wayo.

Babanka shina ɗan yaro a lokacin, ba ya magana da yawa, sai kallo. Ashe lissafina yake yi. Ranar farko ya sa baki anka bi hagu. Da na maimaita labarin ga wasu baƙin yara, ya sa baki anka bi dama. Da munka iso rijiya sai ya tashi ya kakkaɓe wandonsa ya ce, "Inna, ashe duk inda munka bi nan za mu zo. To mi ya sa kike tambayarmu?" Na ce ya zauna, ya ƙi. Daga ranar in na ce dama ko hagu, shi sai ya yi shiru, daga baya ma ya koma wurin masu langa. Har gobe in an nemi shawararsa a taron dangi cewa yake yi, "Ku yi yadda kunka gani." Wani lokaci in dube shi da furfurarsa in ce a raina, anya ba ni na koya masa ba?

Na faɗi wannan ne saboda tsohon nan da ke bakin ƙofar gari a gem ɗinka, mai ɗauke da itace. Rubutu ya fito, wai in taimake shi ko in wuce. Na taimake shi, ya ce na gode. Na sake daga farko na wuce shi, har na so in bangaje shi ban samu wurin dannawa ba. Ba abin da ya canja. Rijiyata ce ka gada, maigida, kuma 'yan Ikko za su kama ka da wuri fiye da yadda babanka ya kama ni.

Ba cewa nake yi ka gina hanya ɗari ba, ka ce mini kowace hanya aikin watanni ce, na kuma yarda. Bayan abin da babanka ya yi mini ban cike rijiyata ba, ita ce dai ƙarshen labari. Abin da na canja shi ne yadda ake isowa. Wanda ya bi fadama ya iso da taɓo har gwiwa, takalmi ɗaya ya tafi, amma ya san sunan macijin da ke gadin rijiyar don kwaɗi sun gaya masa. Wanda ya bi gona ya iso tsaf da guzurinsa, bai san komi ba. Rijiya guda, mutum biyu. Tsohon nan naka, ka sa a sake haɗuwa da shi a kasuwa. In an taimake shi ya yi wa mutum nuni da ido inda ɓarawo yake. In an wuce shi ya kau da kai kamar bai taɓa ganin mutum ba. Abin da mai zaɓi yake so ke nan, a tuna da shi.

Sai maganar abokan gaba. Naka suna fitowa jere kamar an tsaga su daga kara ɗaya, fuska a rufe, a sare wannan wancan ya taso. Ni ma na yi shekaru ina da wata kura a labaraina wadda ba ta da aiki sai mugunta. In ana son tsoro in kira ta, in an gama in kore ta. Wata rana wani yaro ya ce, "Inna, ita kurar nan ba ta da ɗiya?" Na ce ya rufe mini baki, kura ce, mi ruwanta da ɗiya. Amma tambayar ta bi ni har wurin daka. Da na ba ta ɗiya uku a rami, da nonon da ya ƙafe, da fari da ya kori namun daji, na ɗauka yara za su daina tsoronta. Sai sunka fi tsoro. Da, in an yi mata ihu gudu take yi. Yanzu kowa ya san ba za ta koma rami hannu wofi ba.

Ba sai na gaya maka mi ake nufi da mugu ya shigo gari ba. Kai ka san dalilin da ya sa munka bar gonar Unguwar Lalle ga ciyawa, ka san yadda uwarka ke riƙe waya duk ranar da wani namu ya hau hanyar Isa. Ban ce ka wanke mugu ba, Allah Ya kiyaye. Na ce ka san abin da ya taso da shi da abin da yake so, don mu da munka ga abin da idonmu ba za mu yarda da mugun da anka tsaga daga kara ba. Waɗanda ba su gani ba kuwa, kada ka koya musu cewa sara ɗaya ke kawar da shi.

Yanzu bari mu zo kan tsohuwar nan da ka zaunar gindin tsamiya. Kada ka yi musu, ni ce. Ga tsagen Gobir a kumatu, ga ɗaurin kallabina da ke zamewa gefe. Haƙori biyu ka bar mini, alhali ina da fiye da haka, za mu yi wannan shari'ar in ka dawo. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne bakinta. Duk wanda ya zo wucewa sai ta tsare shi da nasiha, layi bayan layi, a yi haƙuri, a bi iyaye, a riƙe gaskiya, kuma ba dama a wuce sai ta gama. Na danna, na danna, tsohuwa ta ƙi yin shiru. Na ce wa Saratu, "Wagga in ta zo gidana ko ruwa ba za ni ba ta ba." Yaushe ka taɓa jin na yi magana haka? Ni da ke aikenka sayen goro in ce maka maganin ciwon kai ne?

Amma na san inda ka samo ta, don akwai shekarun da na zama ita. Bayan na fara manyanta sai kunya ta kama ni, na ga kamar tatsuniya wasan banza ce ga mai jikoki. Sai na riƙa ɗaura wa kowane labari wutsiyar wa'azi. In na ce ƙurunƙus ba na sallamar kowa sai na bayyana darasi. Yara sunka gane, da labari ya doshi ƙarshe sai ka ga wannan fitsari ya kama shi, waccan an kira ta gida. Maƙwabciyarmu Malama Hauwa, wadda gidansu ke da makarantar Islamiyya tun kakanni, ita ta tare ni a wurin wani suna. Na ɗauka yabo za ta yi. Sai ta ce, "Ige, ke ba ki iya wa'azi ba, mu ba mu iya tatsuniya ba. Ki bar mana namu. Yarinyar da ta yi kuka don an cuci marainiya a labarinki, ta riga ta gane. In kin ƙara bayani sai ki share mata shi." Na ji haushi kwana biyu, sannan na yanke wutsiyar.

Don haka in za ka bar ni a gindin tsamiyar nan, ka bar ni da halina. In nemi goro kafin in nuna hanya. Wani lokaci in nuna hanyar da ba ita ba don in ga ko mutum na da hankali. In yi kuskure ma, in rantse a kan abin da ba haka yake ba. Kuma ka ba mutane damar su wuce ni ina cikin magana, kamar yadda kai kake yi.

To, duk wanga da na lissafa ba shi ya hana ni sukuni ba. Maganar da ka jefo mini ce lokacin da kake sa waya a aljihu. Ka ce, "Kaka, gem ba tatsuniya ba ne. A nan mai wasa shi ke tafiya da ƙafarsa." Na yi maka tsaki a lokacin don abokanka na nan. Da na zauna na auna, gaskiyarka. Ni in ina labari, akalar na hannuna. Ko na tambayi dama ko hagu, bakina ne ke tafiyar. Kai kuwa sai ka gina gari duka, ka miƙa akala ga wanda ba ka taɓa gani ba, ka koma gefe ka yi shiru. Ban taɓa yin wannan ba, ban kuma san ko zan iya ba. Na ga ashe na yi wa abinka hukunci da kunne, alhali da yatsa ake jin sa.

Shi ya sa jiya da hantsi na ce Saratu ta ba ni wayarta, tunda ka sa mata shi don gwaji. Na zauna a kan tabarma na ɗora tabarau, na ce yau ba mai kallona, bari in bi buhun geron nan in ga iyakarsa. Na wuce tsohon itace, na sha wa'azin mai haƙori biyu, na sare na sarewa, har na iso bakin gulbi inda ake shiga jirgi.

Ka san jakin nan da ke bin jarumi da kaya tun daga Alƙalawa? Ban ma lura da shi ba sai a nan. Jarumi ya shiga jirgi, jaki ya tsaya. Jirgi ya tashi, jaki na tsaye a bakin ruwa da kayansa, kai a sunkuye, kunne ɗaya na motsi. Na ce, "Saratu, mun bar jaki." Ta leƙo ta ce, "Kaka, kuskure ne, Yaya ya ce wani abu ne bai ɗaure daidai ba, zai gyara. Ki ci gaba, kayan za su dawo miki da kansu a gaba." Na ci gaba. Na sari mutum biyu a tsallake, waya ta yi ƙara wai na ci maki. Amma raina na bakin gulbi. Na ce, haba, dabba ta biyo ka tun daga kufai. Na juya na sake shiga jirgi na koma.

Shina nan inda na bar shi. Na zagaya ta bayansa na tura, bai motsa ba. Na yi nisa don ya biyo ni, ya biyo, da munka doshi ruwa ya toge. Na gwada ta wajen ciyawa, na gwada da gudu, na gwada a hankali. Ban san ina magana da ƙarfi ba sai da na ji Saratu na dariya a bakin madafa, wai ina cewa, "Haba ɗan nan, ruwan ba zurfi, ga ni tare da kai." Mai fura ta yi sallama ta gaji ta tafi. Sai da anka kira azahar na ga cajin ya yi ja.

Ina alwala abin ya faɗo mini. Ina 'yar watanni a gidan kakanka munka tashi zuwa suna a Isa, ƙarshen damina, ruwa bai gama janyewa ba. A lokacin ban san shi ba. Na san tarinsa, na san yadda yake son tuwo, shi ke nan, mutum ne da ba ya magana. Muna tare da ayarin 'yan unguwa, da jakinsa ɗauke da dawa da kayan barka. A mashigi kowa ya ƙetare, jakinmu ya toge. Mutane sunka ce a zabga masa sanda. Wani ya ce a ɗaure shi a nan, a raba kayan, in an dawo a ɗauke shi. Rana na yi, ana jiranmu, ni kunya ta ishe ni. Sai kakanka ya matsa wurin jakin. Ya sauke kayan ya ɗora a kansa ya kai tsallake. Ya dawo ya kwance rawaninsa, wanda ya sha wanki don sunan, ya rufe wa jakin ido da shi, ya rungumi wuyansa, shina yi masa magana a kunne, sunka shiga ruwa taki ɗaya bayan ɗaya. Munka isa an riga an raɗa suna, shi kuma da jiƙaƙƙen rawani a kafaɗa, ana ta yi masa ba'a. Ni kuwa a ranar na san wanda na aura. Ba wanda ya ba ni labarin halinsa, a bakin ruwa na gani.

Ka gane inda na dosa, maigida? Abin da kake kira kuskure, shi kaɗai ne mai rai a garin da ka gina. Kowa a ciki umarninka yake bi, jakin nan ne kawai ke da ra'ayin kansa. Kuma a gabansa ne buhun geronka ya fara zama mutum, don a nan ne na fara tambayar kaina wane iri ne shi, mai bari ko mai komawa. Amsar kuma ba kai ka ba ni ba, yatsana ya ba ni. Wannan shi ne abin da ka faɗa mini ƙarƙashin dogon yaro, ka riga ka yi shi ba ka sani ba.

Kada ka gyara shi. Ka gina a kansa. Wanda ya ga dama ya bar jakin ya yi sauri ya riski tambari, amma ya yi sauran tafiyar da abin da hannunsa zai iya ɗauka, kuma in ya dawo ta mashigin ya iske abin da zai iske. Wanda ya ga dama ya yi duka, jakin ya ƙetare, amma kada ya sake zuwa in an kira shi. Wanda ya ga dama ya sauke kaya ya nemi dabara, ya makara, a yi masa dariya a gari. Kada tsohuwar tsamiya ta ce wa kowa ya kyauta ko bai kyauta ba. Yadda za a ɗaure wannan a cikin waya ban sani ba, aikinka ne, kai ka yi karatunsa. In mutanen Ikko sun tambaye ka labarinka, kada ka fara da takobi, kowa na da takobi. Ka kai su bakin gulbi ka miƙa musu waya ka yi shiru, ka ga wanda zai juya.

In kuma sun yi dariya, to sun yi. Ni Tumba ta yi mini hamma a fuska, ɗana ya kakkaɓe wando ya bar ni, Malama ta tare ni a gaban mata, ban fasa ba. Kai kakarka ce kawai ta yi maka, wadda sadakinta ma har yau ba ka biya ba.

Sauran nasiha ka san ta, ba za ni zama mai haƙori biyu ba. Ka riƙe salla. Ka ci abinci mai zafi ko sau ɗaya a yini, ka ɗaga ido daga kwamfuta ka dubi mutane, don a wurinsu ake samo na cikin labari. Ka gaida taubasanmu Yarbawa, ka ce Bagobira ta ba su ajiya, in ka rame su za ni tuhuma. Ka riƙa kiran uwarka kafin ta kira ka. Babanka ba zai ce komi ba a tasha, kada ka ɗauka bai damu ba, jiya na gan shi shina gwada igiyar akwatinka har sau nawa.

Gobe kafin ka wuce tasha ka biyo ta nan. Ba sai ka yi magana ba, ka durƙusa in dafa kanka ka tafi da fushinka in kana so. Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya sa albarka a hannunka da abin da yake ginawa. Allah Ya kwantar da ƙasarmu, Ya dawo mana da kai ta hanyar da ba fargaba.

Abu na ƙarshe. Na bar jaruminka zaune a bakin gulbi kusa da jakin, na ce wa Saratu ko ɗan yatsa kada ta sa. In ka goge naka, namu na nan, amma ba mai iya ƙetarar da mu sai kai, kuma ni ba yarinya ba ce da za a ce in yi ta jira. Na san za ka so ka kira ni ka gaya mini dalilin da ya sa yake tsoron ruwan. Kada ka gaya mini. Ka aiko, in gano da yatsana.

Wassalam.

Matarka ta fari,
Kaka Ige